Su wa suka yi dariyar, kuma wa aka yi wa? Tambaya kan tsofaffin jaridu

Ɗalibar Jarida ta rubuta:

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Ina rubuta kundin kammala karatu a fannin aikin jarida, kuma aikin ya sa ni zama da tsofaffin rahotannin majalisa, na Turanci da na Hausa. Akwai abin da ya tsaya mini a rai, na ga gara in kawo shi nan, ko Allah zai sa a dace da wanda ya yi aikin da hannunsa.

A jaridun Ingila na ƙarni na 19, idan aka buga jawabin ɗan majalisa, sai ka ga an tsarma kalmar dariya cikin baka biyu a tsakiyar magana. Kuma ba iri ɗaya ba ce. Wani wuri a rubuta dariya kawai, wani wuri dariya mai yawa, wani wuri a ce an sake dariya, wani wurin ma a nuna mutum ɗaya ne ya dara. In mai magana barkwanci ya yi, to wannan a fili yake. Amma sau da yawa jimlar da ta gabaci dariyar ba ta da abin dariya ko ƙanƙani. Mutum yana maganar haraji ko halin da talakawa ke ciki, sai kawai ka ci karo da ita. In karanta jimlar, in sake karantawa, ba na ganin abin da zai sa haƙori ya fito.

Da na koma kan namu na Hausa kuwa, ba kasafai nake ganin baka biyun ba. Dariyar tana cikin jimla ne: aka bushe da dariya, wuri ya kaure da dariya, suka yi masa dariya.

To tambayata, me ɗan jaridar wancan zamani yake nufi in ya rubuta wannan kalma? Zan iya riƙe ta a matsayin shaidar abin da ya faru a zauren? Sannan in zan kawo wani yanki na jawabi a cikin kundina, in bar ta ko in cire? Malamin da ke duba aikina ya ce in cire, tunda ba maganar mai jawabi ba ce. Ni kuwa zuciyata ba ta kwanta ba, don ina ji a jikina cewa in na cire ta na cire wani abu mai nauyi.

Mai Bin Tarihi ya rubuta:

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Bari in ɗan taɓa asalin abin, sauran a bar wa waɗanda suka san aikin.

A da can majalisar Ingila ba ta yarda a buga muhawararta ba sam, laifi ne. A 1771 aka yi rigimar da ta kawo ƙarshen wannan, lokacin da majalisa ta nemi kama waɗansu masu ɗab'i, magajin garin Landan ya ƙi ba da haɗin kai, har aka tsare shi, jama'a kuma suka tsaya masa. Daga nan majalisa ta daina bin masu buga muhawara. A 1803 aka ware wa 'yan jarida wurin zama. Kundin muhawarar da ake kira Hansard ma, shekaru da yawa daga rahotannin jaridu ake harhaɗa shi, sai a 1909 majalisar wakilai ta ɗauki ma'aikatanta na kanta masu rubuta shi. Ga kuma salon gajeren rubutu na Pitman da ya fito a 1837, wanda ya sauƙaƙa wa wakili bin mai magana kusan kalma da kalma.

Ki tuna babu rediyo, babu talabijin. Mai karatu ba shi da hanyar jin yadda zaure ya karɓi magana sai abin da wakili ya sa masa cikin baka biyu, wato tafi, sowa, ihu, dariya. Jawabi ɗaya kuwa yakan cinye shafi guda da ƙananan haruffa.

Misalin da ya fi shahara shi ne jawabin farko na Benjamin Disraeli a majalisa, ran 7 ga Disamba 1837. Ya tashi ne bayan Daniel O'Connell, jagoran 'yan majalisar Ayalan, wanda suke da tsohuwar gaba, sai 'yan majalisar Ayalan da wasu suka yi ta yi masa dariya da ihu har maganarsa ta kasa fita. Ya rufe da cewa yanzu zai zauna, amma lokaci na zuwa da za su saurare shi. Ya zama firayim minista a 1868, ya sake zama daga 1874 zuwa 1880. In kika cire dariyar daga wannan jawabi, jimlarsa ta ƙarshe ba ta da ma'ana, don mai karatu zai ce, wa ya hana shi magana da zai faɗi haka?

Tsohon Wakili ya rubuta:

Wa alaikumus salam ɗiyata. Kada ki cire. Ki gaya wa malaminki cikin ladabi cewa wani tsoho da ya ƙare ƙuruciyarsa a wannan aiki ya roƙi a bar ta, ga kuma dalilina.

Na fara ɗauko rahoto lokacin da kayan aikin wakili ba su wuce ɗan littafi da biro ba. Rikoda sai daga baya ta zo, ita ma ta ofis ce, sai babban taro ake ba da ita. In ka dawo ka bubbuga labarinka a keken rubutu ka kai wa editanmu, Allah ya jiƙansa, akwai tambayar da duk sabon wakili sai ya sha ta. Da ya ga an rubuta aka yi dariya, sai ya ɗora yatsa a kan kalmar ya ce, "Su wa?" In ka ce jama'a, ya ce, "Na gaba ko na baya? Mutanensa ko abokan hamayyarsa?" In ka amsa wannan, sai ya kawo ta ƙarshe: "Shi ya ba su dariya, ko shi aka yi wa?" In ka yi inda-inda, jan biro zai bi ta kan layin. Ba don kalmar ba ta da daraja yake soke ta ba, a'a, don ya san nauyinta ne, ba ya so a yi wasa da ita.

Ga abin da ba a rubuta a littattafan koyar da jarida. A cikin labari ba a yarda wakili ya saka ra'ayinsa ba. Ba ka da ikon rubuta cewa wane ya yi shirme, ko ya yi ƙarya, ko ba a ɗauke shi da muhimmanci ba. Edita zai soke, in ma ya fita kana iya samun takardar lauya. Amma in ka kawo maganar mutum daidai yadda ya faɗe ta, ka biyo ta da kalmar dariya, to ka gama da shi, kuma ba wanda zai kai ka ƙara, don ai ba ka faɗi komai ba, abin da ka ji ka rubuta. Ta nan ra'ayin wakili da na jaridarsa suke shigowa. Haka kuma in naku ne aka yi wa dariyar, sai ka haɗiye ta, ya fito a takarda da mutuncinsa kamar zaure ya yi tsit yana saurarensa. Ashe ke nan sa ta hukunci ne, barinta ma hukunci ne. Jimlolin nan da kike karantawa ba ki ga abin dariya ba, galibinsu dariyar raini ce ta ɓangaren hamayya, ba ta nishaɗi ba, wakilin kuma ya ga damar ya nuna miki ita.

Bari in ba ki abin da na gani da idona. A wani zama da na halarta, wani dattijo ya tashi yana kuka da asibitin yankinsu, cewa babu ungozoma, mata na mutuwa wajen haihuwa. Ya dage sai ya yi da Turanci, alhali bakinsa bai saba ba. Ina kallonsa, takardar na rawa a hannunsa, ya matso da ita kusa da ido, ya kai kan wata doguwar kalma ya yi tuntuɓe, ya sake komawa ya sake tuntuɓe. Waɗansu samari masu kwat a kujerun gaba suka kwashe da dariya, ɗaya har yana buga tebur. Dattijon ya tsaya, ya sauke takardar, ya dube su, sannan ya ƙarasa da Hausa, wuri kuma ya yi shiru. Washegari wata jarida ta kawo labarin, ta sa dariyar daidai bayan jimlar mutuwar matan. Ba ta yi ƙarya ba, a nan aka yi dariyar. Amma wanda bai je wurin ba me zai ɗauka? Ko dai ya ce zauren mutuwar mata yake yi wa dariya, ko ya ce kukan dattijon ne ba shi da tushe har ya zama abin dariya. Duka biyun ba haka ba ne. Harshensa aka yi wa dariya. Har yau in na tuna abin yana sosa mini rai, don an zalunci mutumin sau biyu, a zaure da kuma a takarda.

Akwai kuma matsalar tafinta, wadda za ki yi ta haɗuwa da ita in kina karanta abin da ya shafi majalisar Jihar Arewa, tunda da Turanci da Hausa duka ake magana a cikinta. Duk taron da ke da tafinta, dariya sau biyu take zuwa. Masu jin harshen mai magana su yi tasu nan take, sauran su jira sai an fassara. Wani lokaci ma ta biyun ba ta zuwa, don barkwancin ya mutu a hanya, wani lokaci kuma ta zo fiye da ta farko, don tafintan ya ƙara nasa gishiri. Wakili kuwa sau ɗaya zai rubuta, a inda ya ga dama.

Yanzu batun namu na Hausa. Dalilin da ya sa ba ki ganin baka biyu sosai, a ganina, abu biyu ne. Na farko, wuri. Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fitowa a Zariya a watan Janairu 1939, Malam Abubakar Imam na edita tare da Dakta Rupert East, kuma wata-wata ta fara fita. Kafin ita akwai Jaridar Nijeriya ta Arewa tun 1932, ita ma jefi-jefi. Jaridar da ke fita haka, ga ƙarancin takarda na lokacin yaƙi, ba ta da filin buga jawabin mutum kalma da kalma. Taƙaitawa ake yi, a ba da labarin jawabin, ba jawabin kansa ba. In labari kake bayarwa kuwa, dariya sai ta shiga cikin jimla.

Na biyu, kuma shi ya fi muhimmanci, jaridar Hausa ta wancan lokaci da kunne aka fi karanta ta. Mutum ɗaya mai ilimin boko zai riƙe ta, mutane su kewaye shi yana karantawa da ƙarfi. To yaya zai karanta baka biyu? Ido kaɗai ke ganin baka biyu. Amma in an rubuta sai wuri ya kaure da dariya, mai karatu zai faɗe ta da muryarsa, masu saurare su ma su dara. Marubutan nan sun san wa suke rubuta wa.

Sai dai kada ki ɗauka namu ya fi nasu adalci. Hausa ta ba marubuci kalmomi da yawa, kowace kuwa da hukuncinta a ciki. In na ce ya ƙyalƙyale da dariya, na nuna farin ciki ne tsantsa. In na ce ya tuntsire, ko ya bushe, na nuna abin ya fi ƙarfinsa. In na ce ya sheƙe da dariya, to na fara zarginsa da rashin kamun kai, ko da raini. In na ce ya yi yaƙe, na gaya miki maganar ta soke shi yana ɓoyewa. Ki kuma lura da wa ake ba wace kalma. Da wuya tsohon marubuci ya ce sarki ko babban malami ya tuntsire da dariya, ko da kuwa ya tuntsire ɗin. Shi murmushi yake yi. Tuntsirewa ta mabiya ce da 'yan kallo. Daga kalmar da aka zaɓa kaɗai kina iya gane matsayin da marubuci ya ajiye mutum.

Amma inda muka fi ɓuya shi ne a cikin ɗan ƙaramin "aka". Aka yi dariya. Wa ya yi? Mutum uku ne a kusurwa, ko zaure duka? Kalmar ta rufe su duka, ta sa abin ya zama kamar hukuncin jama'a. Abin da yatsan editanmu ke nema ke nan. Sai kuma "masa". Tsakanin ya ba su dariya da suka yi masa dariya akwai tazarar da ke tsakanin gwani da wanda aka wulaƙanta.

Wani abu kuma da za ki gamu da shi a sharhin edita da wasiƙun masu karatu shi ne "abin dariya". A nan ba raha ake nufi ba ko kaɗan. In mai wasiƙa ya ce wannan hukunci abin dariya ne, ransa a ɓace yake, yana nufin abin bai cancanci a tsaya ba shi amsa ba. Wanda yake so ya ce abu ya ba shi nishaɗi, ban dariya zai ce, ko raha, ko barkwanci. Kada ki haɗa su wuri ɗaya in kina ƙidaya.

Mai Fassara ya rubuta:

Baba Tsohon Wakili, Allah ya ƙara lafiya. Tambayar nan ta editanku, Jamusawa sun mayar da ita ƙa'ida. Ina aikin fassara daga Jamusanci, kuma a kundin majalisarsu kalma biyu masu rubutawa suke amfani da su, tun zamanin tsohuwar majalisa har zuwa ta yanzu. In zaure ya ji daɗin magana ya dara tare da mai ita, sai su rubuta Heiterkeit, wato annashuwa. In dariyar raini ce, ta ƙin yarda, sai su rubuta Lachen. Kuma sau da yawa ba sa barin ta a sake, sukan faɗi ɓangaren da ta fito, jam'iyya kaza, ko wasu 'yan jam'iyya kaza.

Amfanin wannan ya fito a zaman ran 23 ga Maris 1933, ranar da aka kawo dokar da ta miƙa wa Hitila ikon yin doka ba tare da majalisa ba. A wani gidan wasan kwaikwayo aka zauna, don ginin majalisar ya ƙone a ƙarshen Fabrairu. An riga an kama 'yan kwaminis ko an hana su zuwa, 'yan bangar Nazi kuma sun cika wurin. Otto Wels, shugaban jam'iyyar SPD ta masu ra'ayin gurguzu na dimokuraɗiyya, shi kaɗai ya tashi ya soki dokar. A nan ya ce ana iya ƙwace musu 'yanci da rai, amma ba a iya ƙwace mutuncinsu. Kundin ya rubuta dariya a wurare cikin jawabin, da kalmar raini, ya kuma faɗi cewa daga 'yan Nazi ta fito. Aka kaɗa ƙuri'a, 444 suka amince, 94 suka ƙi, dukansu 'yan jam'iyyar Wels.

Na fassara wa wani wannan jawabi, kuma ina isa wuraren nan sai hannuna ya tsaya. Da kalmar ba ta nan, da jawabi ne mai kyau kawai. Da yake tana nan, sai kana ganin mutum ɗaya a tsaye, ɗaruruwa na yi masa dariya, ya san abin da zai iya samunsa a bakin ƙofa, bai fasa ba. Wanda ya rubuta kundin nan bai ƙara ko kalma ɗaya ta kansa ba, amma ya bar mana shaida a kan waɗanda suka yi dariyar. Don haka ni ma ina bayan Baba, a bar ta.

Malama Mai Koyarwa ta rubuta:

Ina girmama abin da Baba ya faɗa, amma malamin nan ba a banza ya yi magana ba, kuma ba na so ki tafi da ra'ayin cewa duk inda aka rubuta dariya an yi ta.

Ki duba muhawarori bakwai da Abraham Lincoln da Stephen Douglas suka yi a jihar Illinois ta Amurka a 1858, lokacin da suke takarar kujerar sanata. Jaridu biyu na Shikago suka aika masu gajeren rubutu, Press and Tribune mai goyon bayan Lincoln, da Times mai goyon bayan Douglas. Wuri ɗaya, rana ɗaya, amma kowace takan gyara wa nata jawabinsa ta bar na ɗayan da tuntuɓensa, kuma sowa da dariyar da kowace ta ji sukan karkata wajen nata. Shi Lincoln da ya tattara muhawarorin don a buga su littafi a 1860, jawabansa ya ɗauko daga jaridar ɓangarensa, na Douglas daga ta ɓangaren Douglas, sannan ya soke su tafi da dariyar. Ke nan abin da malaminki ya ce ki yi, wanda ya yi muhawarar da kansa ma ya yi shi.

A Tarayyar Sobiyet kuwa abin ya zama tsari. Tafi hawa-hawa ne a jaridunsu, daga tafi kawai zuwa tafi mai tsawo, zuwa wanda kowa ya miƙe tsaye, gwargwadon girman mai magana. Dariya ma ta san inda take faɗuwa, bayan shugaba ya yi wa abokin gaba ba'a. Wannan ba rahoton abin da ya faru ba ne kawai, koya wa mai karatu ake yi inda ya kamata ya dara.

Ko a zamanin bidiyo ma gardamar ba ta ƙare ba. A Satumba 2018 da aka yi dariya lokacin jawabin Donald Trump a Majalisar Ɗinkin Duniya, jaridu da yawa sun ce shi aka yi wa, shi kuwa ya ce tare da shi aka yi. Kowa ya ga hoton, ba a daidaita ba. To ina ga abin da wakili ɗaya ya rubuta shekara ɗari da hamsin baya?

Shawarata, in za ki bar ta, ki bar ta a matsayin maganar jaridar, ba ta zauren ba. Kuma kada ki gina hujja a kanta sai kin samu jarida ta biyu daga ɗaya ɓangaren kin gwada.

Ɗalibar Jarida ta rubuta:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Malama, zan nemo jarida ta biyu a duk inda ta samu. Baba, saura abu ɗaya. Kundina da Hausa nake rubuta shi, don haka sai na fassara jawaban. In na tarar da dariya a baka biyu, ba a faɗi ko su wa ba, da wace kalma zan kawo ta? In ce aka bushe da dariya, ko aka yi masa dariya?

Tsohon Wakili ya rubuta:

Ko ɗaya, ɗiyata. Abin da Malama ta faɗa gaskiya ne, kuma bai saɓa wa nawa ba. Ni ma ban ce ki gaskata kalmar ba, cewa na yi kada ki jefar da ita, don ko ba ta gaya miki abin da zaure ya yi ba, ta gaya miki abin da jaridar ke so a ɗauka.

In kika rubuta aka bushe da dariya, kin mayar da ita ta nishaɗi. In kika rubuta aka yi masa, kin mayar da ita ta raini. Wakilin bai faɗi ko ɗaya ba, to ke ma kada ki faɗa a madadinsa a cikin jawabin. Ki rubuta dariya kawai, cikin baka biyu, a daidai wurin da ya sa ta, kada ki matsar da ita gaba ko baya ko da jimla ɗaya. Inda ya ce mai yawa, ki ce mai yawa. Inda ya ce mutum ɗaya ne, ki ce mutum ɗaya. Fahimtarki kuma ki kawo ta a ƙasa da bakinki, inda mai karatu zai san ke ce kike magana.

In kina son gane irinta, kada ki tsaya a jimlar da ta gabace ta, ki karanta wadda ta biyo baya. Wanda ya ba da dariya da gangan yakan ɗora wata a kai, ko ya wuce abinsa cikin sakin jiki. Wanda aka yi wa kuwa kusan kullum sai ya tanka. Za ki ga ya ce 'yan'uwa na iya dariya amma maganar gaskiya ce, ko ya maimaita jimlar da ya riga ya faɗa, ko ya juya ga shugaban zama yana neman a tsawatar. In kin ga haka, kin samu shaidarki daga bakin mai jawabin kansa, ba daga alƙalamin wakili ba, kuma wannan ita ce za ki kai wa malaminki.